Kyautar da Ta Cinye Tallafin Batul

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina ci gaban, ina ci gaban?", na gan ku. Wata har cewa ta yi in mutuwa na yi a faɗa mata ta daina jira. Ban mutu ba 'yar uwa. Shafin ne ya ƙi rubutuwa, don ni ce tsundum a cikinsa, kuma ban fito da kyan gani ba. Ku karanta, mai zagi ya zaga, ba zan goge ko ɗaya ba.

Laraba ce, sha biyu ta ɗan gota. Ina bayan kanta a shagon kayan zaƙi da nake aiki a titin Warren, ina jera wa wata tsohuwa zaƙin nan namu baƙalawa a kwali tana mitar wai ƙanana nake zaɓo mata, sai ga ƙanwata Batul ta banko ƙofa. Mayafi a karkace, silifas ɗin banɗaki a ƙafarta.

"Rabab, sun cire."

"Sun cire me?"

"Dubu biyar. Cif."

"Su wa? Ke yi magana kamar mutum mana!"

Ta tura min waya a fuska. Na fizge na karanta da kaina.

Saƙo ne daga jami'a. Kun san lissafin, amma bari in maimaita don waɗanda suka shigo a tsakiya. Jami'ar nan ta Ohio, tafiyar awa biyu daga Dearborn, garin da muke zaune a Amurka, ta ɗauki Batul karatun haɗa magunguna, ta ɗauke mata kusan duk kuɗin makaranta, ta ce mu iyali mu kawo dala dubu shida. Baba ya shekara biyu yana kwance tayoyin mutane a gareji ya tara dubu biyar, ni na tara ɗaya. Sai ƙungiyar 'yan ƙauyenmu ta zaɓi Batul a walimar shekara, ta ba ta kyautar karatu ta dubu biyar. Baba ya yi sujada a tsakiyar falo. Washegari ya kwashe nasa dubu biyar ɗin ya tura Lebanon, aka rufa wa Teta, kakarmu, ɗakinta da ya shekara uku yana yoyo. An riga an zuba siminti, har hoto an turo mana.

To yanzu ga abin da saƙon ya ce. Sun sami labarin Batul ta karɓi kyautar dubu biyar daga waje, suna taya ta murna. Saboda haka sun rage dubu biyar daga nasu tallafin. Kason iyali yana nan yadda yake, dubu shida, a biya kafin Juma'a ƙarfe biyar na yamma, in ba haka ba a soke mata rajista.

Wai suna taya ta murna!

"Yarinya, kwalina," in ji tsohuwar.

Na miƙa mata ban ko karɓi kuɗi ba. Na ja Batul ɗakin ajiya, muka tsaya tsakanin buhunan gari da gwangwanayen man shanu, na ce kira su, ki buɗe murya in ji.

Wata mata ta ɗauka, muryarta a sanyaye kamar ba ran mutum ake magana ba.

"Ni yayarta ce," na ce. "Ki fahimtar da ni don Allah. Kun ce mu kawo shida. Mutanenmu sun kawo biyar. A makarantar da na yi, shida a cire biyar saura ɗaya."

"Ba haka muke lissafi ba. Dubu shidan kason iyali ne, daga aljihun iyali zai fito. Tallafinmu kuwa na cike giɓin da ya rage ne. In wani ya cike wani ɓangare na giɓin, sai mu janye namu daidai wannan."

"Wato ku aka ba kyautar, ba ƙanwata ba."

Ta gyara murya. "Ba haka za mu faɗe shi ba."

"Ni haka zan faɗe shi."

"Rabab!" Batul ta mintsine ni.

"To wa ya gaya muku?"

"Abin da na gani a kwamfuta kawai, an shigar da shi ranar bakwai ga wata. Madam Holt ce ta shigar, ita ke riƙe da takardun Batul. Tana taro yanzu, ƙarfe uku za ta kira ku."

Ta kashe.

Batul ta sulale ta zauna a kan buhu.

"Na riga na sayi zanin gado," ta ce. Wallahi abin da ta ce ke nan. Duk duniya zanin gado ta tuna.

"Ke kika gaya musu?"

"Ni? Fom ɗin da ake cikewa ma yana cikin jakata, na ce sai kuɗin sun zo hannu in tambayi Madam Holt yadda ake yi."

"To Hajj Nazih ne."

"Rabab, kar ki fara."

Ai na riga na fara. Hajj Nazih shi ne shugaban ƙungiya, mai gidajen mai huɗu, wanda ba a buɗe taro sai ya zauna. A walimar nan da bakinsa ya ce bana komai a rubuce za su yi, da takarda mai tambari, kamar yadda 'yan ƙasa ke yi. Kuma kowa ya san jikarsa Layal ce ta zo ta biyu, ƙuri'a ɗaya Batul ta fi ta. Na ga fuskarsa sanda yake miƙa wa Batul ƙaton cek ɗin kwalin nan na ɗaukar hoto. Murmushin bai kai ido ba. Ko kuma ni ce na ga dama na gani haka, oho.

"Ya ba da hannun dama ya karɓe da hagu," na ce. "Ya sha tafi a gaban mutum ɗari uku, ya zagaya ya rubuta wa makaranta."

"Ki jira ƙarfe uku. Don darajar Mama, ki jira."

Ta haɗa ni da marigayiya, don haka na jira. Na koma kanta. Na zubar da tiren zaƙin kunafa guda. Na ba wani canji sau biyu. Na duba agogo ya fi sau hamsin, kowane dubawa sai in ga Juma'a ta ƙara matsowa. Ƙarfe biyu saura na cire rigar aiki na jefar, na ce wa maigida cikina ke ciwo, na aika Batul gida ta jira waya, ni kuwa na ɗauki mota.

Ginin ƙungiya tsohon shagon kafet ne a bayan masallaci. Bayan azahar tsofaffinmu ke cika shi, da gahawa da karta da labaran gida a talabijin. Sun kai goma sha biyar ranar. Ammo Fu'ad, wato Baffa Fu'ad, yana can kusurwarsa da waya a hannu, mutumin da ko kyanwa ce ta haihu sai ya ɗauka ya tura zauren WhatsApp na ƙungiya. Na gan shi sarai. Ban dai yi tunani ba.

Hajj Nazih yana bayan teburinsa, ƙarƙashin allon da ake rubuta sunayen waɗanda suka ci kyauta. Sunan Batul ne na ƙarshe, fentin ma bai dushe ba.

"A'a, marhaba da 'yar Abu Rabab! A zuba mata gahawa."

Wani dattijo ya miƙo min ɗan kofi.

"Ba gahawa ta kawo ni ba."

Kowa ya juyo ya dube ni. Har mai rabon karta ya tsaya da hannu a sama. A wurinmu ko kashe mutum ka zo yi, sai ka sha gahawarsa tukuna. Dattijon ya tsaya da kofin a hannu bai san inda zai kai shi ba.

"Lafiya, 'yata?" in ji Hajj.

"Ina fa lafiya? Me Batul ta yi maka?"

"Batul? Me ya same ta?"

"Kar ka tambaye ni abin da ka fi ni sani. Makaranta ta cire mata dubu biyar saboda takardar da ka aika."

"Wace takarda?"

"Mai tambari! Ba kai ka ce bana komai a rubuce ba?"

"Zauna, 'yata, mu yi magana a hankali."

"Ba zan zauna ba! In Layal kake so ta ci, da ka ba ta tun farko, kuɗinku ne, wa zai hana ku? Sai ka tsayar da marainiya a gaban jama'a, ka sa ubana ya yi kuka a bainar mutane, ka zagaya ta baya ka soke ta?"

"Rabab, ki ji tsoron Allah," wani ya ce daga baya. "Ya girmi babanki."

Da na tsaya a nan, da da sauƙi. Ban tsaya ba. Idona ya riga ya rufe.

"Ni za a ce wa tsoron Allah? A faɗa wa mai sayar wa talakawa tikitin caca da safe, ya zo ya ja carbi da yamma! Gidan mai huɗu, wanne ne ba caca a ciki? Da wannan kuɗin ake sayen suna, ake rataya allo a bango, ake cewa Hajj, Hajj!"

Innalillahi. Ina rubutawa yanzu ma kunnena zafi yake.

Ba wanda ya motsa. Talabijin kaɗai ke magana. Hajj Nazih bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi jin daɗi. Ya ajiye carbinsa a hankali, ya zaro ɗan makulli daga aljihun falmaran, ya buɗe aljihun tebur. Ya fito da farar ambulan mai kauri ya ɗora a gabana. An rubuta sunan Batul a kai da hannunsa.

"Ɗaga ki ji nauyinta."

Ban taɓa ba.

"Shekara goma sha tara muna ba da kyautar nan," ya ce. "Cek ɗin kwali na hoto ne, yara su yi murna. Kuɗin a ambulan muke ba uban yaro, hannu da hannu, daren da zai kai shi makaranta. Abin da zai gaya wa makaranta tsakaninsa da su ne. Takarda mai tambarin da kika ji, ta 'yan kwamiti ce, don kar a ce na fifita jikata. Ban san sunan ko mutum ɗaya a makarantar ƙanwarki ba. Ko hanyar garin ban sani ba."

Ya waiwaya wajen tsofaffin.

"Ƙuri'a nawa Batul ta fi Layal?"

"Ɗaya," in ji su.

"Ta wa ce ɗayar?"

Duk suka dube shi. Ba sai an amsa ba, tasa ce.

Sai a lokacin na gane abin da na aikata. Na buɗe baki in ce Ammo, bai saurare ni ba.

Ya ɗauki ambulan ɗin ya mayar, ya murza makulli, ya jefa aljihu.

"Kuɗin mai caca bai dace da gidanku ba," ya ce. "Je ki. A kwashe gahawar nan, ta huce."

Ban san yadda na kawo kaina gida ba. Na tuna dai na tsaya a jan wuta ina lissafi da yatsu kamar 'yar firamare. Makaranta ta cire biyar don tana jiran biyar ɗin ƙungiya. Ƙungiya ta kulle biyar ɗinta a aljihun tebur. Da safe dubu shida ake bin mu. Yanzu, da bakina, na mayar da shi sha ɗaya.

Na tarar da Batul a kicin, ta ɗora wayar a tsakiyar tebur ta zuba mata ido.

"Ina kika je?"

"Shago."

"Da wannan fuskar?"

Wayar ta cece ni. Uku daidai ta yi ƙara.

"Batul, 'yar kirki!" Muryar Madam Holt cike da fara'a. "Kafin komai, don Allah ki sake gode wa babanki. Kwana uku ofishinmu yana cin zaƙin nan, har masu gadi sun samu. Hoton kuma yana nan na jingine shi a kan teburina."

Muka kalli juna.

"Wane... wane hoto?" in ji Batul.

"Naki mana, da babban cek ɗin, a cikin gilashi. Bai gaya miki ya zo ba?"

Na dafa tebur.

Bakwai ga wata. Ranar da Baba ya ce ba zai je gareji ba, zai je gaida wani abokinsa da ya dawo daga ziyara. Da sassafe ya shigo shagonmu ya ce in haɗa masa tire mafi girma, mai hawa biyu, kar in sa ko ɗaya na jiya. Ni na jera. Ni na ɗaure da koren zare, har ina tsokanarsa wannan aboki sarki ne? Ya dawo bayan la'asar, tankin mota ya kusa ƙarewa, yana ta waƙe-waƙen ƙauye a banɗaki.

"Awa guda ya zauna yana jirana," Madam Holt ta ci gaba. "Shekara ashirin ina aikin nan, ba uban da ya taɓa tuƙo mota awa biyu don ya ce min na gode. Ya ce yana so in san ba mu kaɗai muka ga darajar 'yarsa ba, mutanenta ma suna bayanta. Sai ya fito da hoton."

"Shi ne kika rubuta," na ce.

"Wace ce?"

"Yayarta."

"Dole ce ta sa. Da zarar na gani, ba ni da ikon yin kamar ban gani ba. Kuma ko ban gani ba, ƙa'ida ce a sanar da mu. Na yi ƙoƙarin yi masa bayani a take, amma yana ta zagaya ofis da tire yana cewa ba komai, ba komai, ku ci. Ban jin ya gane ni."

Batul ta kifa kai a kan tebur.

"Babu wata hanya?" na ce. "Madam, kuɗin da muka tara sun tafi. Ba mu da shida. Biyu ma ba mu da su."

Na ji tana buga kwamfuta.

"Akwai ɗaya, kuma ita kaɗai ce a hannuna. In shugaban ƙungiyarku ya rubuto, da sa hannunsa, cewa sun janye kyautar ta bana, zan mayar da tallafin yadda yake a ranar."

"Shidan fa?"

"Wannan na iyali ne, ba ruwana da inda iyali suka samo. In wani ya ranta wa babanku ya biya a hankali, rance tsakanin mutum da mutum ba kyautar karatu ba ce. Amma ya zama rance na gaskiya, kun gane ni?"

"Mun gane," in ji Batul, ta ɗago da sauri, idonta ya kawo haske. "Hajj Nazih zai yi. Wallahi zai yi, yana son Baba."

"To madalla. Takardar ta iso ni kafin biyar ɗin Juma'a. Bayan nan kwamfuta ce ke soke rajista, ba ni ba, kuma akwai ɗalibai arba'in da ke jiran gurbi a sashenku."

Ta kashe.

"Kin ji?" Batul ta riƙo hannuna tana dariya tana hawaye. "Takarda ɗaya ce kawai! Rabab, me ya sa hannunki ya yi sanyi haka?"

Na zare hannuna na buɗe famfo, na wanke kofin da yake a wanke. Na goge tebur. Na sake gogewa. Na fita baranda na dawo.

Huɗu da rabi muka ji motar Baba. Ya shigo da kayan aiki duk baƙin mai, rungume da ƙaton kwali.

"Ina 'yar jami'a? Zo ki gani! Tukunyar shinkafa mai lantarki, an rage mata kuɗi. Ba za ki je can ki rayu a kan burodin nan nasu mai kama da soso ba."

Ba wadda ta tashi.

Ya dube ni, ya dube ta. Ya ajiye kwalin a hankali.

"Teta ce?"

"Teta lafiyarta lau," na ce. "Baba, wane aboki ka kai wa baƙalawa ranar bakwai ga wata?"

Kunnuwansa suka yi ja. Ya yi 'yar dariya irin ta yaron da aka kama da hannu a tukunya.

"Matar nan ta tona ni ke nan? Na ce mata sirri ne."

"Me ya sa ba ka gaya mana ba?"

"Da kun hana ni. Da kun ce Baba ba a yin haka a nan, Baba turancinka, Baba kaza. Mace ta ɗauke wa 'yata kuɗin da ko shekara goma na yi ina kwance taya ba zan tara ba, sai in zauna a gida kamar ban san alheri ba? Wa ya haife ni?"

"Hoton fa?"

"Hoton me ya yi? Na so su sani ne. Kar su ɗauka wata 'yar gudun hijira suka tsinta a titi suka yi wa sadaka. Su san tana da mutane, tana da ƙauye, mutum ɗari uku sun tashi tsaye sun tafa mata." Ya buga ƙirji. "Laifi ne?"

Batul ta miƙa masa wayar. Ya laluba aljihu bai sami tabarau ba.

"Karanta min, 'yar Baba."

Ta karanta. Ta fassara masa kalma bayan kalma. Sanda ta kai wurin "muna taya ki murna" sai ta ajiye wayar.

Baba ya jawo kujera ya zauna. Ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Ban gane ba," ya ce. "Na kai musu zaƙi."

"Baba..."

"Sun ci. A gabana suka ci. Har ta ce in ƙara mata mai cuku." Ya ɗago. "Wato da na zauna a gida kamar jaki, ban gode wa kowa ba..."

"Ko ba ka je ba, da ni zan gaya musu," in ji Batul. "Akwai fom."

"Da kin gaya musu kafin in tura kuɗin Teta."

"Ka tura tun washegarin walima, Baba."

Ya sunkuyar da kai. Wallahi ban taɓa ganin mutum ya tsufa a cikin minti ɗaya ba sai ranar. Duk fushin da na shigo da shi ya bi iska, tausayinsa ya kama ni. Na so in rungume shi, na kuma so in gudu in bar garin.

Batul ta durƙusa a gabansa ta zayyana masa abin da Madam Holt ta ce. Takarda ɗaya, sa hannu ɗaya, da rance.

"Rance," ya maimaita, kamar an sa masa gishiri a shayi. Baba bai taɓa cin bashin ko dala ɗaya ba tun da ya sauka ƙasar nan, kowa ya san shi da wannan. Ya dubi tukunyar shinkafar. Ya dubi Batul.

"Wa zai sa hannun?"

"Hajj Nazih."

Sai na ga fuskarsa ta saki.

"Nazih? Haba! Ku ce min Nazih tun ɗazu mana!" Ya miƙe har kujera ta faɗi. "Mutumin da muka yi kiwon awaki tare? Jirgi ɗaya ya kawo mu, katifa ɗaya muka raba wata shida a ɗakin ƙasa. Shi ya sauka kabarin mamanku tare da ni. In don Batul ne, zan roƙa. Ni na ɓata, ni zan gyara, kafin magariba takardar tana hannuna."

Ya shige banɗaki. Muna jin yana dirzar hannu da sabulun gareji.

Batul ta juyo ta zuba min ido. Ta daɗe tana kallona.

"Rabab."

"Na'am."

"Na kira shago ƙarfe biyu da kwata. Maigida ya ce cikinki na ciwo kin tafi gida."

Na kau da kai.

"Ina kika je?"

"Batul, ki bari in..."

"Na haɗa ki da Mama." A hankali ta faɗa. "Ki ce min ba can kika je ba."

Baba ya fito yana saka kwat ɗinsa ta walima a kan wandon gareji, ya shafa turare, ya taje gashin baki.

"Rabab, a mota za mu biya ta shagonku. Ki haɗa min tire, ƙarami ma ya isa. Ba a zuwa roƙo hannu sake."

"Baba, tsaya. Akwai maganar da zan..."

"A hanya, a hanya. Nazih yana tashi biyar da rabi."

Ya kama hannun ƙofa.

Wayoyi uku suka yi ƙara lokaci ɗaya. Tawa a aljihu, ta Batul a tebur, ta Baba a cikin kwat. Zaure ɗaya ne kawai muke ciki mu uku, zauren ƙungiya, mutum ɗari huɗu da goma sha biyu, daga Dearborn har ƙauye, har Teta.

"Fu'ad ne, ba ya gajiya," in ji Baba yana dariya, ya zaro wayar ya nisanta ta da ido. "Bidiyo ya turo. Wa ya mutu kuma?"

"Baba kar ka buɗe!"

Babban yatsansa ya riga ya sauka.

Muryata ta cika kicin ɗin, ta fi yadda na zata kaifi.

"A faɗa wa mai sayar wa talakawa tikitin caca da safe, ya zo ya ja carbi da yamma!"

Baba bai kashe ba. Ya tsaya ya kalla har ƙarshe, har ƙarar makullin aljihun tebur, har "a kwashe gahawar nan". Hannunsa ya zame daga ƙofar. Bai dube ni ba. Da ma mari ya kai min.

Batul ce ta fara gani. Ta ɗago tata wayar da hannu biyu, ta juyo mana da ita.

A saman zauren, da ƙananan haruffa, an rubuta:

Hajj Nazih yana rubutu...